Kwamfutar Habibu da Na Wanke

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba a majalisa na tsinto shi ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shago a Tudun Wada, kusa da masu cajin waya. Asalina mai gyaran rediyo ne, aji uku na yi a firamare malamai suka gaji da ni, amma da rediyo ta daina kawo abinci sai na sa aka rubuta mini allo wai ina gyaran kwamfuta, mutane suka hau kirana Injiniya, ni kuma ban musa ba. Ilimin nawa huɗu ne kacal, kada ku yi dariya: in cire batir in mayar, in hure ƙurar fanka, in zare ram, ɗan allon ƙwaƙwalwarta, in goge bakinsa da kilinan 'yan makaranta, in duk sun ƙi sai in wanke ta tas in zuba sabuwar manhaja. Abin da ya ɓace a ciki kuwa sai in ce ƙwayar cuta ce ta cinye.

Wata Talata da hantsi wani dattijo ya yi sallama, Malam Ɗanjuma, masunci, cikin mutanen da aka tasa lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinsu. Laftof ya kawo naɗe cikin darduma. Ya ce ta ɗansa Habibu ce, malamin makaranta, wanda kwalekwale ya kife da shi a dam daminar da ta wuce, har yau ba a ga gawarsa ba. Wayarsa ta tafi da shi, ba su da hotonsa ko ɗaya, amma abokansa sun ce akwai hotuna a cikin wannan, ita kuma ta ƙi tashi.

Ya ce, "Injiniya, fuskarsa kawai nake so uwarsa ta gani. Ta fara ce mini tana mantawa da kamanninsa."

Na bugi ƙirji na ce ya dawo jibi.

Da na kunna ta sai ta kawo wuta ta tsaya a baƙin gilashi, ba ta nuna komai sai agogo: Laraba, ƙarfe huɗu da minti goma. Na sa sukudireba na buɗe bayanta, sai ga laima, ruwa ne sosai har yana kwanciya a fanka, yana warin taɓo da kifi. Na shanya ta a kan kwanon shago wuni guda cikin rana mai ƙuna, ta bushe ƙayau. Washegari na buɗe, ruwan nan ya dawo. Agogon kuwa na san ciwonsa, ɗan batir ne mai kama da kwabo yake mutuwa, na canza sabo, na saita lokaci, na kashe na kunna. Laraba, huɗu da minti goma. Sau uku ina yi.

A nan ya kamata in ce masa ya kai ta Kano wajen waɗanda suka iya ciro kaya daga kwamfutar da ba ta tashi. Amma kun san halina, kunyar a ce Injiniya ya kasa ta fi mini komai nauyi. Sai na yi abin da na saba, na wanke ta. Ina kallon layin da ke nuna wankewar yana cika a gilashi, na san fuskar ɗan mutane nake gogewa, ban tsayar ba.

Ranar Alhamis bayan azahar ya zo, na karanta masa labarin ƙwayar cuta. Bai yi faɗa ba. Na tambaye shi ko ruwa ya taɓa zubo mata, ya ce tun rasuwar tana kulle cikin akwatin ƙarfe a ɗaki. Ya roƙe ni dai in kunna, don ya gaya wa uwar yaron ya gani da idonsa babu komai.

Na kunna. Ta tashi lafiya, amma maimakon hoton shuɗin nan da sabuwar manhaja take zuwa da shi, sai ga wani hoto dishi-dishi, kore-kore, kamar mutum ya buɗe ido cikin ruwa: kututturen kuka, guntun katanga, da bakin rijiya. Na rantse da Allah ban zuba shi ba, kuma babu abin da ya rage a cikinta. Agogo kuma ya koma inda yake.

Malam Ɗanjuma ya matso ya daɗe yana kallo. Ya nuna agogon ya ce ranar da kwalekwalen ya kife ke nan, bayan la'asar. Ya ɗora yatsa kan kukar ya ce ƙofar gidan mahaifinsa ce, a tsohon garin da ke ƙarƙashin dam, wanda Habibu bai taɓa gani ba don bayan tashi aka haife shi.

A hankali ya ce, "Ashe gida ya tafi."

Ya naɗe ta cikin darduma ya yi mini godiya. Inda ya ɗauke ta ruwa ya kwanta a teburina.

Bayan kwana takwas wata mai sayar da soyayyen kifi ta ba ni labari, an tsinci kwalekwalen Malam Ɗanjuma da safe yana tsaye cak a tsakiyar dam, daidai inda tsofaffi suke cewa garinsu yake, ga filafili a ajiye, ga darduma a ninke, babu shi babu kwamfutar. Matarsa yanzu fuska biyu take nema.

Ni ban san abin da na gani ba, malaman da na tambaya ma addu'a kawai suka ba ni. Abin da yake cina shi ne, da fuskar ɗansa ya tarar a gilashin nan, da wataƙila gida ya koma wajen matarsa. Teburin kuwa har rani ya shiga wajen bai bushe ba, ƙarshe faskara shi na yi, itacen ma ya ƙi cin wuta.

Don Allah in za ku kai kwamfuta gyara, ku fara kwafe abin da kuke so a filash, kuma ku tambayi mai gyaran ko wankewa zai yi. Ku kuma 'yan'uwana masu sukudireba, in an kawo muku kayan mamaci, ku ce ba ku iya ba. Ni har yau in Laraba ta yi, la'asar ta kawo jiki, ba na duba agogo.