Maganin Cikina Da Na Rabar A Majalisa

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu cigiyata, ku gafarce ni. Ina raye, amma da ƙyar na sha.

Waɗanda suka san ni da dillancin awaki a karar Daura sun san shekara biyu da suka wuce hannuna na hagu ya saki, bakina ya karkace. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Likita ya ɗora ni a kan asfirin, ƙwaya ɗaya kullum, don kada jini ya sake toshe min jijiyar kai.

Bayan wasu watanni na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ashe gyambon ciki ne ke tsiyayar da jini. Kwanana biyar a asibiti. Ranar sallama aka ƙara min wani kafso, a sha kafin karin kumallo.

Likitan ya ce, "Alhaji, asfirin na tsare maka kai, amma yana cin ciki. Kafson nan shi ne mai gadin cikin. Kada ka raba su."

Na ce to. Ciki ya lafa, tuwo ya koma yi min daɗi.

Kun dai san halinmu. Muna da majalisa a ƙofar shagon Iro tela, abokina tun ƙuruciya. Wata rana bayan La'asar ya dafe ƙirji yana cewa olsa ta taso masa. Na zaro kafso biyu na miƙa masa. Washegari ya zo yana ta sa min albarka.

Shi ke nan labari ya bazu. Wannan ya karɓar wa matarsa, wancan ya karɓar wa surukinsa. Da wane baki zan ce babu, alhali ga shi a aljihu? Cikina lafiya lau, nasu ke ciwo. Gaskiya har daɗi nake ji idan an kira ni likita.

Maganin wata guda ya koma ƙarewa a mako. Ni kuwa asfirin kaɗai nake haɗiya. Ranar da na gaji da jan awaki, sai in ƙara da haɗin ciwon jiki na kemis.

Maiɗakina Hajara ta ce, "Malam, wai kafson nan naka ne ko na unguwa?" Na yi dariya na wuce.

Da hantsi abin ya same ni, a tsakiyar kara, ina riƙe da igiyar bunsuru. Jiri ya ɗebe ni, na durƙusa, na yi aman jini.

A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Leda uku aka ƙara min. Aka tura ni Katsina, aka zura min na'ura mai kyamara ta maƙogwaro, aka tsayar da zubar. Raguna biyun da na ajiye wa layya suka tafi a jinyar.

Abin da ya fi firgita ni shi ne da aka dakatar da asfirin na 'yan kwanaki. A sha, ciki ya zuba. A bari, kai ya toshe. Kowace safiya sai na ɗaga hannun hagu na gani ko yana nan. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Daga baya na ji cewa ledar farko jinin Iro ce. Da ya shigo duba ni ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Sale, ni na shanye maka magani. Abin da nake da shi ke nan."

Ba laifinsa ba ne. Ni aka yi wa gargaɗi.

An gano ƙwayar cuta a cikina, na sha maganinta mako biyu. Yanzu na koma kan asfirin da kafsona tare. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitoci, da Hajara, da duk wanda ya yi min addu'a.

Jama'a, in kuna shan asfirin, kada ku daina da kanku, kada kuma ku yar da maganin cikin don kun ji sauƙi. Ku guji haɗin ciwon jiki. In bayan gida ya yi baƙi, ku tafi asibiti a ranar.

Shekaranjiya na koma majalisa. Wani ya matso ya ce ko da sauran kafson nan. Kunya ta kama ni, hannuna har ya nufi aljihu.

Iro ya tsayar da keken ɗinkinsa. Ya ce wa mutumin, "Babu. Tashi in kai ka asibiti a babur. Jinina bai gama dawowa ba, balle in sake ba Sale wata ledar."