Har Maciji Na Yi wa Ƙaryar Asali

A Jidda aka haife ni, a unguwar Madain Fahd. Kakana ne ya zo aikin hajji daga Katsina ya zauna. Kafin in lalace, ni direba ne a gidan wani attajiri a Abhur, kuma ba a san ni da ƙarya ba.

Maigidana yana kiwon macizai a akwatunan gilashi, irin da ake kira bowa, masu kama da mesa. Ni nake kawo musu ɓeraye. A nan na gane masu saye sai sun ji ƙasar da maciji ya fito. Na Suriname, mai jar wutsiya, ya fi sauran daraja.

Na fara sarowa wurin wani dattijo mai kiwonsu a Kurayyat, ina sayarwa. Da na tambayi asalinsu sai ya ce, "Ya waladi, ɗana, an daɗe ana cakuɗa su a gidajen mutane. Ni kaina ban sani ba."

Ranar da wani mai saye ya dubi wutsiyar ɗaya ya ce, "Na Suriname ne?" sai na ji bakina ya ce, "Aiwa," wato e. Bai yi musu ba. Sannu a hankali na kai ga buga takardun shigo da su, da hatimin bogi.

Wani likita ya sayi namiji da mace a matsayin na Suriname, ya yi shekaru yana lallaɓa su. Da macen ta haihu, kowane ɗa da irin zanensa, alamar cakuɗaɗɗu ne. Ya kira ni cikin natsuwa ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, faɗa mini gaskiya, halas, shi ke nan, mu rabu lafiya." Na rantse masa da Allah cewa na Suriname ne. Rantsuwar nan ta fi komai damuna har yau.

Ya kai wa hukuma takardun aka duba, aka gano na bogi ne. 'Yan sanda suka ɗauke ni da azahar a gaban mahaifiyata. Da ta ziyarce ni a kurkuku ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ɗana, har maciji ka yi wa ƙaryar asali?"

Da na fito na tuba, na je na roƙi likitan gafara. Ya yafe mini, amma bai miƙo mini hannu ba.

Ƙannena, idan aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ni kunyar faɗin haka na ji, na yi shekara biyu a rufe.