Gurbin Sana'a Ɗaya

Malamin da ya duba aikina na shekarar ƙarshe a jami'a dattijo ne, masanin tattalin arziki. Ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken abin da ke sa wata ƙasa ta bunƙasa, wata ta tsaya cak. In bai sa hannu a aikinka ba, sai ka maimaita shekara.

Na zaɓi in yi bincike a gida, kan mazauna fadamar Haɗeja. Na tsara takardar tambayoyi tsaf, da ɗan gurbi ɗaya na sana'a. Da kawuna na fara, yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi a zaure.

"Kawu, mece ce sana'arka?"

"A wane watan?"

"Gaba ɗaya dai."

"Ka ji ɗan boko. Da damina, in ambaliya ta zo, shinkafa. Ruwa ya fara janyewa in ɗauki koma, inda ya janye in shuka wake. Da sanyi alkama. Rubuta duka."

Gurbin ba zai ɗauka ba, ni kuma ba na son ƙazanta a takarda. Na rubuta "manomi". Haka na yi wa kowa. Da na haɗa sakamakon, sai ya nuna ambaliya ba ta kawo komai sai ɓarna.

Malam ya karanta, ya cire tabarau.

"Ina kifin?"

Na sunkuyar da kai. "Babu gurbinsa, Malam."

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ba ni labarin ƙuruciyarsa, lokacin da ya rubuta rahoto kan wani aikin noman rani. Ya ƙirga buhunan alkamar da za a samu, bai ƙirga kifi da makiyayar da mutanen gangare za su rasa ba. Ya ce yawancin abin da ya rubuta bayan nan gyaran wannan rahoton ne.

"Ba zan sa hannu ba, ɗana. Koma ka sake tambayarsu."

Saura mako uku a rufe karɓa. Na koma da littafi fari, ina bin ƙauyuka a kan acaɓa, ina tambayar kowa wata bayan wata. Kawu na ganina ya ce, "A'a, manomin ya ƙi sayuwa a birni ke nan?"

Ana gobe rufewa na miƙa. Malam ya bi shi shafi shafi, ya soke min sakin layi biyu, sannan ya sa hannu.