Kyalla Ce Ta Goma

A ɗan ƙauyenmu na wajen Issawane, mu Kirista gida bakwai ne, kuma duk cikinmu babu mai tsoron Allah irin Baba Ishaya. Tsoro nake nufi na gaske, irin mai hana mutum haɗiye tuwo. Ni Liza maƙwabciyarsa ce, darni ɗaya ya raba mu, shi ya sa na san har abin da bai so a sani ba.

Mu dai zakkarmu ta hatsi ce: cikin dami goma, ɗaya na Ubangiji, a kai rumbun majami'a. Baba Ishaya kuwa makiyayi ne. Kowace kaka sai ya tsaya bakin shingen awakinsa da sanda, ya buɗe ƙofa kaɗan, su riƙa fita ɗaya-ɗaya yana taɓa bayansu. Wadda ta zo ta goma ya ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, ta zama ta Allah ke nan, ko wace ce. Haka ya ga ubansa yana yi. Shekara talatin bai taɓa zaɓe ba.

Bara 'yarsa Liya ta rasu wajen haihuwa, ta bar jaririya, Maryamu. Shi da matarsa suka raine ta da nonon wata jar akuya, Kyalla, don ita kaɗai ke shayarwa a garken.

Ranar ƙirga ina shanya wake a tsakar gida, ina jin muryarsa. "Takwas. Tara." Ban ji goma ba. Na leƙa ta darni, ashe Kyalla ce a ƙarƙashin sandar. Ya daɗe tsaye. Ya duba hagu, ya duba dama, sama ce kawai bai yarda ya duba ba. Sannan ya tura ta da gwiwa ta koma ciki, ya jawo wata tsohuwar gurguwa ya ɗaura mata ƙyallen.

Bayan kwana uku Maryamu ta kama zawo. A gidan likita suka ce ruwan rijiya ne, suka ba da magani. Baba Ishaya bai yarda ba, shi ya san abin da ya yi. Ya daina cin abinci. Ko 'yar guguwa ta taso sai ya ruga ya rufe yarinyar da rigarsa, kamar an aiko a ɗauke ta.

Ranar Lahadi kuma fasto, wanda bai san abin da ya faru ba, ya ɗauko wa'azin zakka. Ya ce abin da ya faɗa rabon Allah ba a musanya shi, wanda ya musanya kuwa duka biyun sun fita daga hannunsa. Na ga gumi yana bin wuyan tsohon. Ni ma na sunkuyar da kai, don na gani kuma na yi shiru.

Baba Ishaya bai jira addu'ar rufewa ba, ya fice. Sai ga shi yana jan gurguwar da Kyalla har cikin majami'a, Kyalla na kuka, hantsarta cike da nono. Ya zube a ƙasa.

"Na yi ma Ubangiji sata," ya ce. "Wagga ita ce ta goma. Ku amshe su duka, shi dai bar mini ɗiyar Liya."

Sai Marta ta miƙe, shugabar zumuntar mata, mai raba hatsin rumbu ga marayu. Bakinta ba ya jiran kowa.

"Mun amsa, Baba. Daga yau ba taka ba ce. To zakka ta wa ce in ba ta maraya ba? Wace marainiya muke da ita garin ga in ba Maryamu ba? Tashi ka tahi ka tatsa mata. Kiwo za ka yi ma Mai ita."

Maryamu ta warke, yanzu har tana bin bango. Shi kuwa tsoron bai bar shi ba, ya dai koma kan akuyar. Kyalla na yawo da jan ƙyallenta, ta ci masa gero, ta tauna masa riga, bai taɓa ɗaga mata sanda ba. Rannan ta tsallako ta cinye mini rabin wake, na daka mata tsawa har da zagi. Sai ga kansa bisa darni, ido waje.

"Liza, ruhwa mamu asiri! Kin san akuyar wa kike zagi?"