Tabon da ke gadon bayan Abba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta tambaya ko lafiya, ku yi haƙuri, jinyar ɗana nake yi. Yanzu da sauƙi ya samu, zan faɗa muku, da izinin mahaifinsa.

Abba ne ɗana na fari. Tun da aka yaye shi aka ba yayan mijina, Yaya Sale, riƙonsa a Dangora, don ba shi da ɗa namiji. Mu muna Tiga. Sai da salla muke ganinsa.

Bara da hutu aka kawo mana shi, yana da shekara bakwai.

Abin da na fara lura da shi, yana ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma. Sai fitsarin kwance. Sai na tarar da 'yan tsaki a bayan randa, an murɗe musu wuya.

Ranar da ya ciji ɗan maƙwabta har jini, bai yi kuka ba, bai gudu ba. Dunƙulewa ya yi wuri ɗaya, yana jira.

Na kwashe wuƙaƙe na ɓoye. Ko wanka zan shiga, da ƙanwarsa nake shiga. Ban san wa zan gaya wa cewa tsoron ɗana nake ji ba.

Surukata ta ce, "Ƙiriniya ce, a ƙara masa bulala." Maƙwabciyata ta ce iska ce ta bakin dam. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Babu canji.

Sai ya fara faɗuwa, ya sandare, idanu a kafe.

A asibiti a Tudun Wada aka ɗebi jini. Babu zazzaɓin cizon sauro, babu taifot. Aka tura mu Kano. Can aka manna masa wayoyi a ka, aka gwada ƙwaƙwalwa, aka ce ba farfaɗiya ba ce. Kuɗin mota da na gwaji suka cinye masarar da muka ajiye, ga shi ba mu san sunan ciwon ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Daga ƙarshe muka ga likitar yara. Tana cikin yi mana tambayoyi ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi. Abba ya zube ƙasa, ya kare kansa da hannu biyu.

Ta dube shi, ta dube ni. Ta lallashe shi har ya yarda ta ɗaga rigarsa.

Gadon bayansa duk tabo ne, tsoho a kan tsoho. Hoton ƙirji ya nuna haƙarƙari ɗaya ya taɓa karyewa, ya haɗe da kansa.

"Maman Abba, wa ke yi masa wanka?"

Na ce shi ke yi da kansa. Na ce ɗan fari ne, a gidanmu ana yi masa kunya: ba na kiran sunansa, ba na jan sa a jiki, in an hore shi ba na tambaya.

Ta ce, "Na sani, ni ma 'yar fari ce. Amma yaron da ake duka kullum, duka yake koya. Faɗuwar ma firgici ne. Kuma a ganinsa ba shi da wanda zai gaya wa."

Aka haɗa mu da likitan halayyar yara. Babu allura. Zane suke yi da wasa da hira. Mu kuma aka ce kada a sake ɗaga masa hannu, ko tsawa, kuma in riƙa zama kusa da shi ko ba zai yi magana ba. A hankali ya faɗa: a gidan Yaya Sale, in tumakin da yake kiwo suka shiga gonar wani, a turke ake ɗaure shi, a dake shi da igiyar guga, a hana shi abinci.

Muna cikin wannan Yaya Sale ya zo. Abba na jin ƙarar babur ya ruƙunƙume zanena.

"Hutu ya ƙare tuni. Ɗana na zo ɗauka."

Mijina ya sunkuyar da kai, yayansa ne. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba zai koma ba."

"Au! Yau uwa ce ke magana a kan ɗan fari? Ina kunyar?"

Surukata ta ce, "Ke 'yar nan, ba a amshe kyauta."

Na ce, "Inna, ki shiga da shi ɗaki, ki duba bayansa."

Ta shiga. Ta jima. Yaya Sale yana ta cewa, "Haka aka yi mana, mun mutu?"

Da ta fito ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sale, hau babur ɗinka."

Yau Abba yana makaranta a nan. Faɗuwar ta tsaya, cizon ma. Fitsarin kwance jefi-jefi. Har yanzu muna zuwa Kano, har yanzu ƙarar babur na sa shi neman bayan ƙofa. Yaya Sale ba ya amsa gaisuwarmu. Allah Ya daidaita.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitocin nan biyu, da Inna, da duk wanda ya yi mana addu'a bai san dalili ba.

Idan yaro ya fara mugunta, kafin a ɗauko bulala a tambaya wa ke yi masa. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti. In kun ba da riƙo, ku riƙa zuwa ba sanarwa.

Kuma uwa, ko ɗan fari ne, ki ja shi ɗaki ki ɗaga rigarsa. Kunyar ta jira a waje.