Yadda Na Taka Shanyar Malam Bawa a Hanyar Gummi

Anka

Muna idar da sallar asuba na fito da motar Yaya Bello na goge ta, amma ba mu tashi ba sai da gari ya waye tangaran, don a wannan zamani ba mai hawa hanyar Gummi da duhu. Matar Yaya ce ta haihu a gidan iyayenta a Gummi, washegari suna. Shi ya riga ya wuce da abokansa, ya bar mini mota in kawo Inna, in biya Nasarawa Burkullu in ɗauko Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinmu.

Inna ba ta son tuƙina, kuma ban ga laifinta ba. Ni mutum ne mai surutu a kan sitiyari, mai waiwaye, mai taɓa waya. Ta tsaya a bakin mota da ƙullin kayan barka a hannu.

"Auta, saurara da kyau. Ka tsorata ni sau guda, in sauka in shiga motar haya. Daga ranan kuma ba ni ƙara shiga motar da kaka tuƙi."

"Inna, wagga mota ba irin waɗanda kinka sani ba ta. Da kanta taka gyara hanya."

"Ba da ita nika magana ba, da kai nika."

Ga yadda abin yake. A bayan madubin tsakiya akwai 'yar kyamara mai kallon farin fentin da aka ja a kan kwalta. In mota ta fara karkata za ta tsallake layi, sai ta yi ƙara, sitiyari ya yi rawa, ya ɗan ja ka ya mai da kai tsakiya. Yaya ya yi mini bayanin sharuɗɗanta, na saurare shi da kunne ɗaya. Labarin da na kai majalisarmu shi ne an ba ni mota mai tuƙa kanta. Allah ya yafe mini wannan ƙarin gishiri.

Fitarmu Anka na yi ta jiran in ga aiki, shiru. Fentin wajen ya koɗe, ga ramuka, kowane direba yana bin gefen da ya fi lafiya. Layuka biyun da ke allon gabana, waɗanda Yaya ya ce in sun zama kore na'urar ta farka, suka tsaya fari fat. A shingen jami'an tsaro aka leƙa but ɗin motar, aka ga sabulu da atamfa da kwalbar man shanu, aka ce a gaida mai jego.

Nasarawa Burkullu

Da muka sauka kwalta muka kama hanyar ƙasa, na'urar ba ta ko motsa ba. Ba layi, ba aiki. Nan ni da sitiyari da kwazazzabai ne, kamar kowace tsohuwar mota.

Da hantsi muka tarar da Gwaggo Kulu a ƙofar gida, ta ci ado tun safe. Ta dama mana fura da nono mai kauri, muka sha a tsaye. Ta zagaya motar tana shafawa.

"Wagga ta mai tuƙa kanta? To kai mi anka ɗauko ka yi, ɗan rakiya?"

"Gwaggo, ni na mai ba ta umarni."

"Kai da ko akuyar gidanku ba ta jin umarninka!"

Inna ta yi dariya har da tafawa. Tun daga nan motar ta cika da hira, labarin wa ya yi aure, wa ya samu gero, wa ya sayar da sa ya yi nadama.

Hanyar Gummi

Bayan mun koma kwalta muka shiga wani yanki da aka gyara, fentinsa sabo. Da na ƙara gudu kaɗan sai layukan nan suka koma kore. A nan dole in faɗi gaskiya, abin yana aiki. Gwaggo ta kawo wani labari mai daɗi, na waiwaya in tofa nawa, sai ƙara, sitiyari ya motsa a hannuna ya dawo da mu. Ina mai da kaina gaba wata babbar mota cike da buhuna ta wuce ta ɗaya hannun.

"Mi taka cewa?" in ji Inna.

"Ta ce shi dubi gabanai," Gwaggo ta amsa mata.

Mai hankali da nan ya shiga taitayinsa. Ni kuwa kaina ne ya ƙara girma. Na ce a raina ai ga mai gadi, sai na bar hannu ɗaya a sitiyari, na zaro waya in gaya wa Yaya mun kusa.

Lokacin girbin shinkafar rani ne, kuma kowa ya san mutanen fadamar Gummi da shanya a gefen kwalta, don nan ne ba ƙasa ba tsakuwa. Na hango shanya doguwa ta ci wani ɓangare na hannunmu, gaba kuma ba mota. Na karkata hagu in kauce, ban sa sigina ba. Wa ke sa wa shinkafa sigina? Na'urar kuwa ba ta san shanya ba, layi kawai ta sani. Ta ga zan tsallake na tsakiya ba sanarwa, ta ja ni dama. Jan ba mai ƙarfi ba ne, da hannu biyu na riƙe da ban ko kula ba. Tayoyin dama suka bi ta kan shinkafar, ta watse har cikin ciyawa. Inna ta saki salati.

Na tsaya. Mai shanyar, wani dattijo da aka ce da shi Malam Bawa, ya taso daga gindin mangwaro da carbinsa.

"Samari, duk faɗin hanyag ga ba ta ishe ka ba?"

"Baba, wallahi ba ni na ba, motar ta da kanta ta ja."

Ya dubi motar, ya dube ni. "To madalla. Ce mata ta sauko ta share."

Mutanen da suka taru suka fashe da dariya, har Gwaggo. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Ta buɗe ƙofa, ta ɗauki ƙullinta, ta gaida Malam Bawa ta ba shi haƙuri, ta tsaya a gefen hanya. Motar haya ta farko da ta zo ta ɗaga mata hannu. Na roƙe ta, ba ta ko dube ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Tsoro na iya yahewa. Rantsuwa kan ƙarya fa?" Ta shige motar hayar, suka wuce.

Aka miƙo mini tsintsiya da faifai. Na duƙa cikin sabuwar shaddata ina tattara shinkafa, ina tsince tsakuwa, rana tana dukana. Can na ɗago na ce wa Malam Bawa waya ce a hannuna, kuma ban sa sigina ba, laifin nawa ne. Ya ce ai ya gani tun daga nesa. Na nemi in biya abin da ya lalace, ya ƙi, ya ce tsintar ta isa. Ya sa aka kawo mini ruwan randa, ya ce in gaida jariri.

Gummi

Mun shiga gari bayan azahar. Inna ta riga mu, tana ɗakin mai jego da jaririya a cinya. Aka sauke ni a ɗakin baƙi tare da abokan Yaya, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifin gulbi. Ban jira Gwaggo ta kai labari ba, na gaya wa Yaya komai. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya sake bayanin da na ƙi ji. In ka sa sigina, na'urar ta san da gangan kake, ba ta ja. In ba fenti, ko ba ka da gudu, barci take. Ba ta ganin rami, ba ta ganin shanya. Inda hanya ta lalace ana ta kauce-kauce, ga maɓallin kashe ta.

Da safe liman ya raɗa suna, aka sa wa yarinya sunan Inna. Gida ya ɗauki guɗa. Inna ta rufe fuska da gyale tana kuka tana dariya, Gwaggo tana rawa tana cewa saura tata takwarar. Aka yanka rago, aka ci waina, aka raba goro da dabino. Ni dai ina ta hidima, ina satar kallon Inna.

Komawa

Washegari na kawo mota ƙofar gida, ban san ko da mutum ɗaya zan koma ko biyu ba. Inna ta fito, ta tsaya a bakin mota.

"Kulu ta ce ka hwaɗa wa dattijon nan gaskiya."

"Na hwaɗa, Inna."

"Miƙo wayar."

Na miƙa, ta ƙulle ta a bakin zane, ta shiga gaba ta zauna.

Hannu biyu na riƙe sitiyari. Na sa wa shanya sigina, na sa wa jaki, na sa wa mai tura kura. Gwaggo ta ce ko kaza ta gitta sai na nemi izininta. Malam Bawa yana gindin mangwaronsa, na yi masa hon, ya ɗaga carbi. Inda fenti yake na bar na'urar a kunne, sau ɗaya kawai ta yi ƙara, a wata kwana da na matse gefe. Inda ramuka suka fara na kashe ta. Muka sauke Gwaggo da ƙunshin naman sunanta, muka kamo hanyar gida.

Da la'asar na tsaya a ƙofar gidanmu a Anka, na kashe mota. Shiru. Na duba, ashe Inna ta jingina kai da gilashi tana barci. Sai da na kira ta sau biyu.

"Inna, mun iso. Kin sha barci."

"Wa? Ni? Tasbihi nika yi."

Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Allah ya raya takwarar Inna, ya saka wa Malam Bawa da alheri, ni kuma ya shirye ni.