Ranar da Injiniya Ya Ba Kwamfuta Fanka

Maƙwabcina da muke kira Injiniya mutumin kirki ne, sai dai bai iya ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi ba. Surukinsa, wani tsoho, ya kawo masa kwamfutar da yake rubuta tarihin danginsu, a share mata ƙura. Shi kuwa ya ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da ƙarfinta, wai zai burge tsoho.

Tun daga ranar, da tsoho ya yi nisa da rubutu sai ta ɗau zafi ta mutu, shafin ya tafi. Injiniya ya canja wayar wuta, ya zargi wutar lantarki, har ya juya mata fankar falo, ya bar surukin yana gumi.

"Ɗana, ko yatsuna ne suke ɓata ta?" in ji tsoho. "Bari in haƙura da littafin nan."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Baba, ni na sa ta gudun da ba nata ba."

Ya mayar da ita yadda take, ta daina mutuwa.

"Madalla," in ji tsoho, ya jawo kujera. "Saura ka maido mini da fankata."